Rijiyar Bakin Lambu

A Ajiwa na gaji lambu,
alayyahu, latas, da rijiya a gefe.
Buhun taki uku na zuba bana,
ganye ya yi kore har ya yi baƙi,
'yan sari daga Katsina suka yi layi.

Ban san abin da shuka ta rage
ƙasa ke kai wa rijiya ba.

Nonon Barira bai kawo ba,
sai madarar gwangwani da ruwan guga.
Ran Talata leɓen Sa'adatu ya rine
kamar ta tsotsi baba a marina,
tana haki kamar mai hawan tudu,
ɗiyar wata biyu.

Malamar asibiti ta ɗebi jini, kalar makuba.
Ta ce gishirin taki ya hana shi ɗaukar iska.
Na ce, ai mun tafasa!
Ta ce wuta ruwa take kora, shi yana nan zaune.

Ga abin da ya ɗaure mini kai:
ita ta ce wa Baffa Ila ya dage da ganye
don hawan jininsa ya sauka.
Abu guda ne, in ji ta.
Tsoho ya ci a miya ya ji dama,
jinjira ta sha a ruwa ta shiɗe.

Yau leɓen ya dawo ja.
Ina tura kura zuwa famfon makaranta,
jarka huɗu, safe da yamma.
Rijiyar tana nan garau, har ina ganin fuskata.
Latas kaɗai ke sha.