Maganaɗisu

Shekara goma sha tara ina kiran mota a Tashar Dukku:
"Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!"
ko da saura biyar.
Bakin nan shi ne gonata, shi ne garmata.

Ran wata Laraba ina cikin hamma
wani abu ya ce ƙas a gindin kunnena,
kamar an karya tsinken tsire.
Tun ranar muƙamuƙina ya yi yaji.
Goro ya zama dutse. Aya kuwa sai kallo.
Dudu ta koma dama mini kunu safe da yamma
sai ka ce mai jego.

Na sha sassaƙe, na shafa man zafi,
wanzami ya kafa mini ƙaho har sau biyu.

A asibiti, can ɗakin ƙarshen baranda,
wata Sista Rifkatu, 'yar Kaltungo,
ta ɗora mini wani faifai mai igiya a kunci.
Ta ce, "Maganaɗisu ne, Baba, ba za ka ji komai ba.
Wasu yakan yi musu, wasu bai yi. Mu gwada."

Maganaɗisu!
Ni da na san shi tun ina ɗan gajeren wando,
mu farke matacciyar rediyo mu ciro shi,
mu ɗaura zare, mu ja cikin yashin Jekadafari,
ya fito da baƙin gemu:
ƙusa, allura, marfin lemo.

Na ce, "To ni wane ƙarfe na haɗiye?"
Ta yi dariya. "Kana cizon haƙora cikin barci?"
Na ce a'a.
Dudu daga kan benci ta ce,
"Kamar injin markaɗe. Tun da Bappayo ya tafi."

Minti ashirin, ɗan koren fitila yana ƙiftawa,
bakina a rufe da rana tsaka,
abin da ban taɓa yi ba.
Sai na ji suna tasowa ɗaya-ɗaya daga yashi:
kuɗin haya, bashin mai shago,
da "kar ka daɗe" ɗin da na danne da turame
ranar da na sa yaron nan a mota da hannuna,
na ce saura mutum ɗaya,
kuma shi ne.

Zuwa na shida ke nan.
Ciwon ya ɗan ja da baya.
Injin ne, ko shirun ne, Allah masani.
Jiya na tauna ɓarin goro ta gefen hagu, a hankali.

Da dare na ari wayar Dudu.
Tana shiga.
Na dafe kuncina, ina jira.