Tikitin Tafki

Ni ke yagar tikiti a kasuwa,
bana shekara goma sha ɗaya.
Na san mai biya da fara'a,
na san mai laɓewa bayan buhun gero in ya hango hulata.

Ran Litinin aka ƙaro mana wani kundi,
takardarsa koriya, da zanen kifi a ka.
Aka ce dala goma kowace rumfa,
kuɗin yashe tafki ne.

Na fara da Tsahara mai kayan miya.
Ta juya takardar, ta duba bayanta,
ta ce, Barmu, wane kifi?
Na ƙarshe da na gani, cikinsa na kallon sama,
ko shirwa ba ta sauko masa ba.
A bakin ruwan nan nake da fangali bakwai na salati,
yau daga Mirya nake saro abin da da nake shukawa.
Ta kwance bakin zane,
ta ƙirgo mani a tafin hannu.

Kyari mai jaki bai ce komai ba.
Ya ɗaga ƙafar dabbar, ya nuna mani kofato,
inda ruwan ya ci kamar gara ta samu azara.

Kowa a Damagaram ya san tsadar ruwa.
Mun yi layin famfo tun kafin kiran assalatu,
mun wanke yaro uku da kwano guda.
Sai ga bututu ya ɓullo ta ƙarƙashin katanga,
yana aman shuɗi da safe, ja da la'asar,
da wari mai bin mutum har cikin tuwonsa.

Amma kada in yi ƙarya.
Ɗana Lawali a can yake wankin fata.
Albashinsa ne ya rufe mana ɗaki da kwano bara.
Mai izin ɗin ya ce, in aka matsa masa da tara
zai ɗaure injinansa a mota ya tsallaka iyaka,
magidanta tamanin su koma gindin bedi.
Na kwana ina auna wannan da wancan,
sikelin ya ƙi tsayawa.

Ran Alhamis na bi bututun da ƙafa
har ƙofar ƙarfe.
Na ce, tikitin tafki.
Mai gadi ya shiga, ya daɗe, ya fito,
ya ce mai gida yana Yamai,
kuma a takardar ai rumfa aka ce, nan ba rumfa ba ce.

Da ya ga na ƙi tafiya,
sai ya laluba aljihun rigarsa,
ya miƙo dala goma, nasa na goro.
Ya ce, ni ma can nake alwala da.

Na yaga masa.
Kifin ya rabu biyu,
kai a hannunsa, wutsiya a kundina.