Dutsen Ashaka

Baffana Hammayo ya yi shekara ashirin da shida
yana fasa dutse a ramin Ashaka.
Ya fito da tari, da ɗan fansho,
da dutse guda da ya ɓoyo a aljihu:
dodon-koɗi ne a ciki, nannaɗe kamar gammo,
ya daskare tun ba a raɗa wa Gongola suna ba.

Da shi yake danne takardun asibiti.

Ranar da na dawo Bajoga da littafin koyarwa,
ya buɗe shafin da aka jera ƙasusuwa,
ya ture kofin shayi ya ce:
"Ummul, in biri ne kakanmu,
me birai suke jira a Yankari?
Ko su ba a kira su ba ne?"

Na ce, "Ba kaka aka ce ba, Baffa,
dangi aka ce, na can nesa."
Ya ce, "Kar ki ƙulla mini zumunci da gwaggon biri."
Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"To, wa ya gani da idonsa?"
"Wa ya taɓa ganin kuka tana girma?
Maganin da ka fesa bara,
bana sauro rawa yake a kansa."
"Amma har yanzu sauro ne.
Bai zama shaho ba."
Na yi shiru, don amsar doguwa ce,
ta fi shekarunmu mu biyu a haɗe.

Sai ya sauke murya:
"Ido fa? Shi ya haɗa kansa,
kamar a zubar da siminti ya tashi gida?"
Nan na gane ba ƙasusuwa ke damunsa ba.
Tsoro yake kar littafi ya ƙwace mini alƙibla.

Na sa masa dutsen a tafin hannu.
"Wannan ɗan teku ne. Me ya kawo shi nan?"
Ya juya shi, ya sake juyawa.
"Wanda ya shimfiɗa tekun, Shi ya naɗe shi."
"A kwana nawa?"
Ya daɗe yana duban abin.
"Shi ba Ya gaggawa," in ji shi.

Aka kira magariba.
Ban kā da shi ba, bai kā da ni ba.
Na zuba masa ruwa a buta, na ɗebi nawa,
muka bar dutsen a kan tabarma
yana danne shafin da iska ke son juyawa.