Ƙusa ta Bakwai

Ƙusoshi bakwai ne a bangon ɗakina,
shida na ɗauke da kayansu, ɗaya na jira.
Bana riɗi ya yi albarka a Gadarif.
Na sallami masu yanka, na sallami mai tarakta,
ragowar na cusa a aljihun jallabiya,
na nufi rumfar Babikir, bayan layin masu gadajen igiya.

Bai ce uffan ba sai da gahawa ta tafasa.
Citta ta yi yawa, na kurɓa ban tanka ba.
Sannan ya janye tsohon bargo a hankali,
kamar mai nuna wa dangi fuskar jariri.

Su uku ne a kwance.

Ta farko mai baki biyu ce, ƙirar Turai,
an zana barewa a jikin ƙarfenta.
Barewar tana gudu tun ba a haifi ubana ba,
har yau ba ta kai ga ƙota ba.
Wai wani matuƙin jirgin ruwa ya bar ta jingina a Sawakin.
Amma Babikir, in ya ce maka gari ya waye,
leƙa waje tukuna.

Ta biyu doguwa, siririya kamar zalɓe a bakin fadama,
zoben azurfa tara a wuyanta.
Na shafa ta, tafin hannuna ya yi sanyi,
zuciyata ta ce, wannan ce.
Kuɗinta kuwa buhun riɗi ashirin.
In na ɗauke ta, rijiyar gida za ta sake shekara ba murfi,
kuma Batulu ta fi ni iya lissafi.

Ta uku ya so ya tura ƙarƙashin benci da ƙafa.
Ƙotarta ta tsage, an ɗaure da ɗanyar fata ta bushe a kai,
kunamarta ta sandare, tsatsa ta riƙe ta gam.
Wani ya tsaga layi goma sha ɗaya a gefenta da wuƙa.
Zabin daji ya ƙirga, ko damina, ko 'ya'ya?
Akwai amsa ta huɗu. Ban neme ta ba.

Na ɗaga ta wajen haske, na leƙa bakinta.
Duhu, sannan jar laka:
zanzaro ya yi gini a ciki,
ya shafe ƙofa, ya bar 'ya'yansa suna barci
a hanyar da wuta ta saba bi.

Mu da muka ga mutanen Madani sun iso da katifa a ka,
suka kwana a azuzuwan makarantar unguwarmu,
mun san muryar sababbin bindigogi
ko a idon wanda ya ƙi ba da labari.
Jikana Muddassir ya taɓa tsayawa gaban bangon nan
ya ce, Kaka, wacce ta fi ƙara?
Na daɗe ina goge ƙarfe da tsumma
kafin in ce masa, je ka kira kakarka.

Babikir ya ce, kawo in zura sanda in share maka,
in sa mai, ta fito kamar amarya.
Na riƙe hannunsa.
Ya dube ni, ya dubi azurfa, ya yi tsaki,
ya faɗi kuɗi, na raba biyu, ya rantse, ya karɓa.

A cikin keke mai ƙafa uku na rungume ta a tsaye,
duk ramin da muka faɗa sai in ce wa yaron, sannu dai.

Batulu ta tare ni a tsakar gida.
Nawa?
Na miƙa mata abin da ya rage, na ce gobe a kira magini.
Ta ƙirga sau biyu, ta dubi abin da na ɗauko,
ta ce, wannan ko itacen girki ya fi ta.

Na rataye ta a ƙusa ta bakwai, bakinta sama.
Yau kwana tara ke nan ban rufe taga ba.