Tsakanin Leda da Turmi

Na sayo injin niƙa nama a Sabon Gari,
ɗan ƙarami mai hannu, fentinsa duk ya ɓare,
na ɗaure shi a bakin tebur da igiya,
na ce bana sosej a gidana za a yi shi,
in huta da zuwa kanti ana ta tsawwalawa.

Jatau na Tudun Wada ya ware mini hanjin rago,
ya wanke, ya juya, ya barbaɗe da gishiri,
ya ce, "Malam, nama dai nama ne ko'ina,
yaji ke da suna, shi ake tunawa."

Wani yaro a shago ya miƙo mini leda,
ja, mai sheƙi, da hoton wuta a gabanta.
"Cokali biyu ga kilo, an gama auna maka."
Na zuba, na cuɗa, na ɗura, na gasa.
Ya yi daɗi, wallahi, babu abin kushewa.

Mako na biyu ma haka. Na uku ma haka.
Kamar ƙararrawar makaranta, ba ta sauya murya.
Yara na ci suna lasar yatsa,
ni kuwa ina tauna ina jin kewa,
ban ma san kewar wa nake ta taunawa.

Ran Asabar na tuna da Goggo Ladingo
a Kwarbai, gindin darbejiyar tsakar gida,
turminta ya tsage, an ɗaure shi da waya.
Ba ta san kilo ba, ba ruwanta da cokali,
tafin hannunta ne mudu, hancinta ne sikeli.
In ka ce, "Goggo, nawa?" sai ta ce, "Har ya isa,"
ta ci gaba da daka tana atishawa.

Na shiga kasuwar birni da 'yar jakata:
citta busasshiya, masoro, kanumfari,
kimba baƙa mai kama da yatsun tsohuwa,
barkono gwangwani guda, tafarnuwa ƙulli biyu.
Mai kayan ta dube ni: "Haihuwa aka yi ne?"
Na ce, "A'a, Hajiya, wata nake nemowa."

Na aro turmi a maƙwabta, na ja kujera,
na daka har kafaɗa ta ƙage, ido ya kaɗa.
Uwani ta kwashe yara ta turo ƙofa,
tana tari tana cewa, "Ga leda a ajiye,
me ya kai ka neman wahala da ranar Allah?"
Ban ce komai ba. Taɓarya ke amsawa.

Kimba ta yi yawa. Na ji tun cizon farko,
wani ɗaci mai naci can ƙarshen harshe.
Hanji biyu suka fashe a kan waya,
kitse ya tsiyaye, garwashi ya yi tsaki,
na ce yau kam na yi asarar nama,
gara a ba kyanwa, in tana karɓawa.

Yayana Tasi'u ya iso daga Samaru da magariba,
ya ɗauki guda, ya gatsa, ya bar zancen da yake.
Ya daɗe yana duban bango, sannan ya ce,
"Ita ma haka take yi, kimba kan kuɓuce mata
ran da ta wuni tana wanki, hannu ya gaji."
Muka zauna a tabarma, muka cinye har ƙonannun,
ba mai duban wani,
hayaƙi ne, muka ce, ke sa idon zubarwa.

Ledar tana nan, ban jefar da ita ba.
Ran Litinin, in na dawo aiki a gajiye,
ita ke fitar da ni kunyar yara,
cokali biyu, ba gardama, ba atishawa.

Turmin maƙwabta dai har yau ban mayar ba.
"Gobe," nake cewa kullum
in sun aiko yarinya tana tambayawa.