Bayan Katanga

Tun da muka taso daga Yakasai
zuwa gidan nan na Danbare,
Iklima ba ta da abokin guje-guje
sai ƙadangaren da ke gyaɗa mata kai.
Ta raɗa masa suna Malam.

Na ba ta gwangwani da marafan kwalba,
ta buɗe kanti a gindin darbejiya.
Ni ce mai saye, ni ce mai cin bashi,
ganye ne kuɗinmu.
Da rana in tara ruwa a baho,
ta wanke cokali ɗaya sau goma,
ta jiƙa ni sharkaf.

Ran Juma'a Adaidaita kan kai mu gun Inna,
yara su yanyame ta,
ta dawo da ƙasa a kitso da sabuwar kalma,
barci tun kafin Kabuga.

Sauran kwana shidan fa?

Jiya ina shanya na ji ƙarar ƙwallo
bayan katangar maƙwabta,
sai 'yar murya: "Umma, kalli!"
Shekara guda, ban san sunan matar gidan ba.

Yau na yi ɗanwake, na zuba a kwano.
Iklima, sako takalminki.
A'a, wannan na hagu ne.