Ƙwayar Yashi da Gadar Dilimi

Ƙarfe biyun dare a Naraguta.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
janareta na tari a bayan ɗakin gwaji,
ni da kwamfuta kowa na fama da zazzaɓinsa.

Bulo ne a kan allo.
Kai, ba bulo ba, ɗan yankinsa, bai kai ƙwayar gero ba.
Na ɓantaro shi daga wanda Baba Dalyop ya buga
da yashin tsohon ramin kuza na Bukuru,
inda kakana Tanimu ya yi shekara ashirin a tsugune
yana wanke ƙasa a kwano
har ƙafafunsa suka manta da bushewa.

Daga nesa bulo abu guda ne, ruwan toka, shiru.
Matso kusa ka ga Taminus ranar jajibiri:
tsakuwa mai taurin kai,
siminti ya rungume ta da hannu ɗaya,
ramukan iska da ba wanda ya gayyace su,
ga baƙin ɗigon kuza da kamfani ya bari
don bai kai kuɗin jirgi ba.

Na shimfiɗa musu raga,
alwatika dubu ɗari huɗu,
kowace na riƙe da bakin zanen 'yar'uwarta.
Na ce wa tsakuwa, ga taurinki.
Na ce wa siminti, ga iyakar haƙurinka.
Ramin iska kuwa sifili na ba shi,
bai yi gardama ba.
Sai na ɗora musu nauyin da babu shi,
nauyi na lamba zalla.

Abin da ɗan yanki ya amsa, bulo nake miƙa wa,
bulo ya miƙa wa ginshiƙi,
ginshiƙi ya kai wa gadar Dilimi.
Gada kuma ta aiko da tambaya ƙasa:
in tirelar dankalin Bokkos ta hau ni da asuba,
wa zai fara kuka a cikinku?
Hawa da sauka, guga a rijiya,
awa goma sha tara,
sau biyu wuta na yanke mana igiya.

Da jan launi ya bayyana
ba a cikin tsakuwa ba ne,
ba kuma a tsakiyar siminti ba.
A mahaɗa ne, siririn wurin da suke gaisawa,
wanda bai kai kaurin gashi ba.
Na daɗe ina kallonsa.
Wanda ya tashi a garin nan
ba ya buƙatar a fassara masa.

Da hantsi muka sa bulo a bakin injin matsa.
Takardata ta ce tan goma sha ɗaya.
Baba Dalyop ya ƙwanƙwasa shi da cokalin gini,
ya kara kunne kamar mai sayen tukunya,
ya ce, 'yata, ba zai kai ba.

Tara da rabi, sai ƙas.

Ya ɗauki ɓarɓashi ya murza a tafin hannu.
Ya ce, ranar da muka buga shi an ƙwalla rana,
Pam ya gaji da juya kwaɓi,
ya faki idona ya ƙara rabin bokiti.
Ruwa ya tafi, ya bar ɗakunansa a buɗe.
Kin sa gajiyar Pam a akwatin naki?

Ban sa ba.
Ina da gurbin tauri, ina da na nauyi,
har da na zafi da sanyi,
amma ba ni da gurbin kafaɗar yaro da azahar.

Yau da dare zan koma.
Zan faɗaɗa ramukan iska, in watsa su yadda suka ga dama,
in sake jefa guga.
Sabon gurbin na buƙatar suna,
littafi ya ce a ba shi harafin Girka.
Na rubuta: Pam.

Tirelar farko ta riga ta taso daga Bokkos.